Kawu Dubul da Abin da Ba Shi da Dubul

Duk wanda ya taɓa zama a Agiye, ko da na kwana uku ne, ya san Kawu Idi ba ya faɗin magana sau ɗaya. Ka ce masa ina kwana, ya ce, "Lahiya lau, lahiya lau." Ya tashi ba da saƙon cefane, ya ce, "Gishiri da kalwa, gishiri da kalwa," har wata rana matarsa Inna Rabi ta sayo kowanne biyu-biyu don ta huce haushi. Ba i'ina ba ce, ba kuma tsufa ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana sakatare a buron suparfe, wato ofishin mai mulkin yankinmu, yana buga takardu a keken rubutu da karbon a tsakani, har abin ya tashi daga yatsunsa ya koma bakinsa. Ta farko orijinal, ta biyu dubul. Daga nan aka laƙaba masa Kawu Dubul, kuma ko kaɗan bai ji haushin sunan ba. Ba zan riƙa maimaita muku kowace magana tasa ba, takarda sai ta ƙare, ku da kuka san shi ku riƙa jin ta biyun a kunnenku.

Zaurensa kuwa kwalaye ne har sama. Wasiƙar da ya aika wa ƙanensa a Gangara, jerin waɗanda suka zo sunan ɗansa, takardar rigakafin tumaki, komai da dubul ɗinsa a ajiye. Wata damina ɗakinsu ya yi ta yoyo, Inna Rabi ta gaji da jera kwanoni a ƙasa, ta ce, "Malam, sa'ad da kake nemana ba cewa ka yi ba zan taɓa kwana cikin ruwa ba?" Kawu ya miƙe. Ya shiga zaure, ya yi ta bincike, sai ga shi da wata takarda da ta yi ja don tsufa, dubul ɗin wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinta.

"Ga ta nan. 'Zan yi iyakar ƙoƙarina.' Ƙoƙari anka rubuta, ba rufin kwano ba, ba rufin kwano ba."

"A orijinal ɗin akwai kwano," in ji Inna.

"Ina shi?"

"Gara ta cinye."

"To, gara ta ci kwanonki."

Ni Lawali, ɗan ƙanwarsa, mai shagon gyaran waya da ordinater, wato kwamfuta, a Maraɗi, ni ya kamata in fi kowa dariyar waɗannan labarai. Amma ba na iya dariyar, domin a duk duniyar nan abu ɗaya tak Kawu ya mallaka wanda bai yi wa dubul ba, kuma ni na shafe shi da hannuna. Sunan ɗansa ne, a cikin wani wasa na ordinater. Bari in ɗauko muku daga tushe.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Habu. Mutane kan tsokane shi su ce, "Kawu, a nan dai ba ka yi dubul ba." Sai ya ce, "Ku dube shi da kyau. Shi na dubul ɗin, ni na orijinal." Gaskiyarsa kuwa, hatta faɗin goshi da yadda suke ɗage gira in ba su yarda da magana ba, iri ɗaya ne. Habu ya yi aikin buga takardu a buron wani furoje, wato shirin raya karkara, a Maraɗi. Da furojen ya nannaɗe tabarmarsa, sai ya sayi tsohuwar ordinater ɗinsu, irin mai ƙaton ƙeya ɗin nan, ya ɗoro ta a mota ya kawo wa babansa, wai ya huta da dukan keken rubutu. Kawu ya kewaya ta sau biyu, ya leƙa baya, ya leƙa ƙasa.

"Ina ake sa karbon?"

"Ba ta son karbon, Baba. Ko dubul ɗari kake so za ta ba ka."

"Ɗari? Ba karbon?"

"Ba karbon."

Ya ɗage gira. "Abin da ke ba ka ɗari ba wahala, wata rana ko guda sai ya hana ka."

Muka yi ta dariya, har da ni, da na fi kowa wage baki.

A cikin kayan da Habu ya zo da su akwai wani faifai mai ɗauke da wasa, wasan ma ya girmi ordinater ɗin. Tubala ne masu launi ke faɗowa daga sama, kai kuma kana juya su kana jera su, in layi ya cika sai ya ɓace, in ka yi sakaci suka taru har sama an cinye ka. Kawu ya raɗa masa suna Tubali. Kullum cikin faɗa yake: "Namiji da gemu ya zauna yana ginin da ba a kwana ciki!" Amma da Habu ya zauna, sai ka ga Kawu tsaye a bayansa, hannu a ƙugu: "Hagu, hagu! Kai, ka ɓata gini, ka ɓata gini!" In wasa ya ƙare, sai wani allo ya fito mai layi goma, na waɗanda suka fi cin maki, a ce ka rubuta sunanka. Washegarin wata Babbar Salla Habu ya yi wani ci da bai taɓa yi ba, ya kurma ihu har kajin Inna suka watse. Ya rubuta HABU a layin farko, a gabansa maki dubu arba'in da bakwai da ɗari uku. Kawu ya ce, "Da a lakol wurin karatu ka yi wannan ƙoƙari, da yanzu kai na minista."

Ba a yi wata biyu ba, Habu yana dawowa daga kasuwar Cadawa a kan babur, babbar mota ta bi ta kansa. Ba zan tsaya a nan ba, yawancinku kun je jana'izar. Kwana uku ana zaman makoki Kawu bai ce komai ba sai amin. A rana ta uku ne ya dubi liman ya ce, "Malam, an karɓi dubul an bar orijinal. Mu a buro ba haka muke yi ba." Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Astagfirullah, astagfirullah." Wasu suka toshe baki don kada dariya ta kuɓuce, wasu suka fashe da kuka, liman kansa ya rasa wanne zai yi.

Bayan arba'in sai aka ga sabon abu. Kullum in an sallame la'asar, Kawu ya dawo gida, ya yaye atamfar da ya lulluɓe ordinater da ita, ya zauna yana Tubali. Gari ya ɗauka. Tsoho mai furfura, wanda ya bugi takardun suparfe bakwai, wai ya koma wasan yara! Ni ma na sa baki a zolayar, ina ce masa, "Kawu, yau bene nawa aka gina?" Abin da ban sani ba, sai daga baya Inna ta faɗa mini, ba wasan yake yi ba. Allon nan mai layi goma ba ya fitowa sai an cinye ka. Sai ya kunna, ya naɗe hannu, ya bar tubala su taru har sama, allo ya fito, ya zauna yana kallon haruffa huɗun nan da yatsun Habu suka buga, har a kira magariba.

Don kada wani ya taɓa masa ita, sai ya ƙirƙiro irin nasa makulli. Abin nan da ake ja a kan tebur ana nuna wuri da shi, wanda shi yake ce wa kusu, irin na da ne mai ƙwallon roba a ciki. Kawu sai ya kwance murfin ya cire ƙwallon ya jefa aljihu tare da goro. Ba ƙwallo, ba aiki. Wata Juma'a ya yi sujada, ƙwallon ya zame daga aljihu ya gangara sahu uku. Ana sallamewa Kawu ya miƙe tsaye: "Jama'a, wa ya ga ƙwan kusuna, ƙwan kusuna?" Wani dattijo Bafillace da ya tsinta ya miƙo masa da yatsa biyu, ya matsa gefe, ya sake fita alwala.

Ana nan sai soja suka karɓi mulki, suka ce na riƙon ƙwarya ne, za a yi zaɓe tun daga konseye, wato kansila, har shugaban ƙasa su koma bariki. Kawu ya ce wannan transisiyo ba ita ce ta farko da ya gani ba, kuma duk kamarsu ɗaya. Sai dai ta jawo masa kasuwa. Duk mai son takara sai ya haɗa dosiye, wato takardun shaidarsa, kuma a yankinmu ba wanda ya san yadda ake jera dosiye kamar Kawu. Daga Gazawa, daga Cadawa, har daga wajen Sae Sabuwa, manyan riguna suka cika zaure. Wani Alhaji daga wajen Gangara, ba zan kama suna ba don yana raye, ya zo yana huci, a rubuta masa takardar ficewa daga jam'iyyarsa, wai an ci amanarsa. Ya fara shifta: "Saboda kishin talakawa da..." Kawu ya ɗaga masa hannu, ya jawo wani kwali, ya zaro takarda.

"Saboda kishin talakawa da tsoron Allah, na yanke shawarar ficewa. Haka ne?"

Alhaji ya yi turus. "Ya aka yi ka sani?"

"Taka ta. Waccan transisiyo ka kawo ta, ga sa hannunka. Akwai ma wata ta gabanta. Sunan jam'iyya kaɗai za mu canza, sunan jam'iyya kaɗai."

Waɗannan manyan riguna su suka jawo mana masifa, kuma har yau ina jin haushinsu, ko da yake na san haushin kaina nake ɗora musu. Kowanne ya zo da ɗan kile ɗinsa a aljihu, abin nan da ake ɗaukar takardu a ciki, wanda ya kwana a ordinater goma kafin ya iso. A soka wannan a zare, a soka wancan. Kafin a rufe karɓar dosiye, ordinater ɗin Kawu ta kwashi cuta iri-iri. Ta fara nauyi, ta koma kashe kanta, ranar nan aka danna Tubali ya ƙi buɗewa sam. Sai ga waya: "Injiniya, ka zo, ka zo. Tubala sun ƙi faɗowa." Injiniya yake kirana, rabi yabo rabi zolaya.

Na iso da hantsi da jakata, ina ji da kaina. Na duba na ga sistem ɗin, wato babban tsarin da ke tafiyar da komai a cikinta, ya ruɓe, ga shi tsoho tukuf, maganin cutar ma ya daina karɓarsa. Na ce, "Kawu, sai dai a sa mata sabon sistem, wanda ya fi wannan. In an sa, sai in sake ɗora Tubali daga faifan Habu."

"Sabon zai san tsohon wasa?"

"Zan sa shi ya sani. Amma kafin nan sai an yi mata formate."

Nan fa fuskarsa ta washe. Ku tuna, mutumin nan faransancin buro ya sani, na zamanin keken rubutu. Shi a wurinsa wannan kalma 'yar'uwar formasiyo ce, irin horon da ake tara ma'aikata a Maraɗi a ƙara musu sani, a ba su shayi da burodi.

"A'a, formasiyo za ta tahi? To kai na formater ɗin ke nan! A yi mata, a yi mata. Ni kaina na yi bakwai, ba wadda ta rage ni da komi. Kwana nawa? Akwai pardiyam, ɗan kuɗin zaman nan?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ɗauka ba'a yake, irin tasa. Wallahi da na tsaya daƙiƙa ɗaya na saurari abin da ya faɗa, da na gane bai fahimce ni ba. Formate shafewa ne, a share komai tas a fara daga farko. Na dai tambaye shi, "Akwai abin da kake so in ajiye a gefe?" Ya ce, "Takardun mutane, don amana ta." Na kwashe takardun mutane kaf, har da na Alhajin Gangara. Ɗan abin da ke riƙe da allon makin nan, da ƙiftawar ido ɗaya zan kwafe shi, bai kai nauyin wasiƙa guda ba. Ko a raina bai zo ba. Shi kuma bai ambata ba, don wa ke ɓoye kayansa saboda zai je ƙarin ilimi?

Wuni guda na yi a kai, wuta ta ɗauke sau biyu. Sabon sistem ya hau lafiya, na ɗora Tubali, sai ya ƙi tashi, da ya tashi kuma launinsa ya birkice, tubala suna zubowa a guje kamar ƙanƙara. Na yi ta laluba har na sami wurin da ake umartar sabon sistem ya riƙa nuna wa wasan kamar shi ne tsohon. Kawu yana tsaye a bayana, hannu a ƙugu, ya ce in yi masa bayani.

"Wato sabo na, amma ya sa rigar tsoho don a yarda da shi?"

"Haka ne, Kawu."

"Ikon Allah. Namu 'yan takara kuwa tsoffi na, sunka sa rigar sabo."

Wannan ita ce dariya ta ƙarshe da muka yi tare. Aka yi la'asar muka dawo, tubala suna saukowa a natse kamar da. Ya ce, "Injiniya, Allah shi yi maka albarka, shi yi maka albarka." Na tashi na ba shi kujera. Ya danna, ya naɗe hannu. Na ce, "Kawu, juya mana, za a cinye ka!" Bai kula ni ba. Tubala suka taru har sama, allo ya fito. Layi goma, kowanne fanko, sifili a gabansa.

Ya matso da fuska. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

"Ina Habu?" Ya juyo ya dube ni. "Ina Habu?"

A nan na gane. Na durƙusa na fara kame-kame, ina cewa ai formate shafewa ne, ai komai ake sharewa, ai na ɗauka ya sani. Inna Rabi ta leƙo daga tsakar gida da ludayi a hannu, ta dubi allon, ta juya ta koma.

"Shahewa," in ji Kawu, a hankali. "Mu a zamaninmu, in an ce mutum ya tahi formasiyo, da abin da ya sani yake tahiya, ya dawo da ƙari." Sai ya ce, "Lawali, ni da kai duk Hausawa na. Mi ya hana ka ce mini shahewa?"

Ba abin da ya hana ni sai son a san na iya faransancin sana'a. Kuma tun daga ranar bai sake ce mini Injiniya ba.

Na ciro kayan cikin ordinater ɗin na tafi da su Maraɗi, na kai wa duk wanda ya fi ni sani. Kwana huɗu muna tono, ba mu sami ko harafi ɗaya ba, sabon sistem ya zauna daidai kan wurin. Na dawo da wata dabara da nake ganin ta warware komai. Na ce, "Kawu, na gano inda wasan ke ajiye maki. Zan buɗe in rubuta HABU, in sa dubu arba'in da bakwai da ɗari uku. Ba wanda zai bambance."

Ya ɗage gira. "Wa zai rubuta?"

"Ni."

"Ka ci wasan?"

"A'a."

"To maguɗi ke nan. Sau huɗu ana ba ni shugabancin buron zaɓe a garin nan. Wurin nan kaɗai na ban yarda da dubul ba, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Ban taɓa bari anka jefa wa mamaci ƙuri'a ba. Yau ɗana za ka cusa wa ta ƙarya?"

Na sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a tabarma. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya dubi ƙofa ya ce, "Na yahe maka."

Na jira ta biyun. Na ci gaba da durƙuso ina jira, har ƙafata ta yi sanyi. Ya miƙa hannu ya ɗauki butarsa ya fita. Mutumin da ke maimaita gishiri da kalwa! Na san bai yi mini ƙarya ba, Kawu ba ya ƙarya, amma na san kuma takarda ce da bai gama sa wa hannu ba.

Ashe ya riga ya yanke abin da zai yi. Ya ce wa Inna, "A buro in dubul ya ɓata, daga orijinal ake sake shi. Ni na orijinal." Wato shi da kansa zai ci makin, da yatsunsa, ba maguɗi, sannan ya rubuta sunan. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, wanda bai taɓa jera layi biyu a wasan ba! Ya sallami masu dosiye. Aka zo ba shi buron zaɓe karo na biyar, ya ce yana da aiki. Ranar zaɓe ya je ya jefa ƙuri'arsa da sassafe ya dawo ya zauna. Aka yi na konseye, aka yi na 'yan majalisa, aka yi na shugaban ƙasa har zagaye na biyu, soja suka miƙa mulki, ana ta guɗa a titi, Kawu yana zaure yana yi wa kansa tsawa: "Hagu, hagu! Kai, ka ɓata gini, ka ɓata gini!" Inna ta ce abin da ya fi karya mata zuciya ke nan, don in tana tsakar gida sai ta ji kamar Habu ne a kujerar.

Duk cin da ya isa shiga allo, HABU yake rubutawa. Da farko dubu biyu, dubu uku. Mutanen gari suka ci gaba da dariyarsu, har ana cewa Kawu Dubul ya taɓu. Ni kuwa na rage zuwa Agiye, kunya ta hana ni. In na zo gaida mahaifiyata, sai in leƙa a tsaitsaye, ya ce, "Lahiya lau, lahiya lau," idonsa a kan tubala. Wata rana na hango allon ta bayan kafaɗarsa, na ga ya haura dubu talatin. Na fito waje na jingina da bango na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Inna ta ba ni labarin ranar da ya kusa. Cikin bazara ne, wasa ya yi masa kyau, maki suna ta hawa, ya wuce dubu arba'in da shida, ya shiga da bakwai. Sai kawai ta ga ya ɗage hannayensa biyu sama kamar wanda jandarma ya tsare. Tubala suka taru, aka cinye shi, saura ɗari biyu ya kai.

"Malam, lafiya? Ai ka kusa!"

"Layin da ke tahe huɗu zai share lokaci guda. Da na wuce shi."

"To in ka wuce fa?"

"In ban kai ba, na rage mishi kaɗan, zai yi haƙuri. In na wuce, na yi mishi ƙarya. Ba a wuce Habu, ba a wuce Habu."

Bai sake kusantar wurin ba. Da damina ta faɗi hawan jini ya buge shi, hannun dama ya mutu, baki ya ɗan karkace. Duk da haka sai an ɗora shi a kujera bayan la'asar. Na zo duba shi sau uku, kowane zuwa ina sa ran zai ce wani abu, shi kuwa sai ya kama hannuna da na hagu ya riƙe, maganar ba ta fita sosai. Ya rasu ranar wata Alhamis bayan azahar, gero yana fitar da kai. Masu wanka suka sami rabin goro da ƙwallon roba a aljihun rigarsa, suka kawo wa Inna suna tambaya ko wani magani ne.

Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, Inna ta kira ni zaure ta damƙa mini ƙwallon. Ta ce, "Ya ce in ba ka, ka buɗe da kanka." Na yaye atamfar, na mayar da ƙwallon cikin kusu, na kunna. Na naɗe hannu kamar yadda yake yi, na bar tubala suka taru. Allo ya fito. Layin farko HABU, dubu arba'in da bakwai da ɗari. Na biyu HABU. Na uku HABU. Na bi su da ido har na tara. A layi na goma, can ƙasa, da maki mafi ƙanƙanta, an rubuta NA YAHE.

Inna tana tsaye a bayana, hannu a ƙugu. Ta ce, "Da hannun hagu ya yi shi. Kwana goma sha ɗaya yana fama kafin makin ya isa shiga allon. Ya ce sai ya ture Habu ɗaya kafin ka sami wuri, kuma ya san Habu ba zai ƙi ba."

Na kwafe allon a kile biyu, ɗaya yana cikin kwallar Inna, ɗaya yana wurina. Ordinater tana nan a lulluɓe, ba mai sake wasa a kanta, don duk wanda ya ci maki layi na goma zai fara turewa. Ƙwallon yana aljihuna yanzu haka. A shagona kuma, duk wanda ya kawo gyara, da Hausa nake ce masa za a shafe, kuma sau biyu nake faɗa.

Ya Allah, ga bawanka Idi ya zo maka, bai taɓa cin amanar takardar kowa ba. Ka shafe kurakuransa tas, ka bar masa alherinsa, ka haɗa shi da Habu a inuwa ɗaya, orijinal da dubul. Ka ba Inna Rabi haƙurin zama a gidan da ya yi shiru. Allah ya jiƙan ka, Kawu. Allah ya jiƙan ka.